Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Ƙaramar Hukumarmu Da Mai Girma Hakimi Kan Ginshiƙin 'Yan Mazan Jiya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Shugaban Ƙaramar Hukuma, ranka ya daɗe. Mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ina miƙa gaisuwa ta ban girma gare ku, tare da kansilan mazaɓarmu da dagacinmu da masu unguwanni. Allah ya taya ku riƙon jama'a.

Ni tsohon malamin firamare ne. Na yi shekara 35 da alli a hannu, mafi yawansu a makarantar da ke fuskantar filin da zan yi magana a kansa. Ba da bakina kaɗai nake magana ba. Iyalan mutanen da sunayensu ke jikin ginshiƙin 'yan mazan jiya ne suka zauna, suka ce tunda ni ne mai alƙalami a cikinsu, in rubuta. Tare da su akwai tsofaffin sojoji huɗu da suka rage mana daga yaƙin basasa, da kuma matan da mazajensu suka kwanta dama a fagen daga cikin 'yan shekarun nan.

Yau mako uku ke nan da safiyo ya zo da yaransa, suka ja igiya, suka kafa turaku, ɗaya daga cikinsu ya tsoma buroshi ya shafa wa ginshiƙin jan fenti. Kowa ya san ma'anar wannan alama. Da muka tambaya aka ce majalisa ta yanke shawarar gina jerin shaguna a bakin titi domin ƙara kuɗin shiga, ginshiƙin kuma ya faɗa cikin layi. Sau biyu muna rubuta takarda, muna kaiwa sakatariya da hannunmu, ana buga mata hatimi a ce mu jira. Har yau shiru, kamar an aiki bawa garinsu. Shi ya sa muka fito da maganar fili, domin katafila in ta iso ba ta jiran amsar takarda.

Abu na farko da ya sosa mana rai shi ne ba a neme mu ba. Wannan ginshiƙi babu kwabon gwamnati a cikinsa. Bayan an gama yaƙin basasa a watan Janairun 1970, sojojin garinmu da Allah ya dawo da su suka haɗu da tsofaffin da suka je ƙasar Bama a yaƙin Hitila, suka yi karo-karo daga ɗan abin da ke hannunsu. Dagacin wancan zamani ya yanka musu filin a gaban shaidu. Ina yaro na ga aikin da idona. Magini ɗaya suka ɗauka, su ne leburorin kansu. Ina iya tuna wani tsoho mai hannu ɗaya yana tallabo bulo a ƙirji yana miƙawa, mu kuma yara muna ɗebo ruwa a garwa. Suka aika birni aka zano sunayen a kan farantin tagulla, aka kafe shi ta gaba. Maginin nan kuwa, Allah ya jiƙansa, kafin simintin baya ya bushe sai ya ɗauki ƙusa ya sake rubuta sunayen ɗaya bayan ɗaya, boko a sama, ajami a ƙasa. Abin da talakawa suka gina da guminsu, a filin da sarauta ta ba su, bai dace a shafa masa jan fenti ba tare da an tara magadansu an ji ta bakinsu ba.

Na biyu, kuma a nan nake roƙon ku ƙara haƙurin karatu. Mutum 23 ne a jikin ginshiƙin nan, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ke kwance a maƙabartar garinmu. Ba a yi musu wanka a nan ba, ba a ɗauke su a makara ba, babu ɗan'uwansu da ya zuba musu ƙasa. Kowa a cikinmu in ya so ziyartar kabarin mahaifinsa ya san hanya. Su waɗannan gidaje, abin da suke da shi duka bai wuce layi ɗaya na rubutu a jikin siminti ba.

Sunaye biyu na can sama tun Yaƙin Duniya na Ɗaya suka tafi, lokacin da aka tura sojojin Nijeriya Kamaru suka gwabza da Jamusawa a Garwa da dutsen Mora tsakanin 1914 da 1916, daga baya aka kwashi wasu a jirgin ruwa zuwa Afirka ta Gabas. Amma mafi yawan sunayen na yaƙin Hitila ne. A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma, aka bi da su ta teku zuwa Indiya, daga can aka shiga da su dazukan Bama, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar. Yaranmu su kan ɗauka Bama ta Barno ake nufi, sai an zaunar da su an yi musu bayani. Runduna ta 81 ta yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan a 1944, wurin da babu hanyar mota, sai da sojojin suka sare daji da adda suka fitar da hanya da hannunsu. Abinci da harsashi ta sama ake jefo musu da lema. Da yawa daga cikin mutanenmu ma aikinsu dako ne: akwatin harsashi da sassan igwa aka ɗora musu a ka, su hau dutse su gangara, su ratsa kogi, ga ruwan sama na wata da watanni, ga matsattsaku, ga sauro. Bataliya uku ta Nijeriya aka haɗa da dakarun Chindit na Manjo Janar Wingate, aka sauke su da jirgin sama a bayan layin Japanawa. A Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka karɓe garin Myohaung. Duk wanda ya ambaci barikin Chindit a Zariya, ko Kalapanzin a Kaduna, ko Dodan da Arakan a Legas, to wancan yaƙi yake ambata ko bai sani ba. Barikoki sun gaji sunayen wurare da na runduna. Sunan kurtu da ɗan dako kuwa, sai garinsu ya riƙe.

Yayan mahaifina yana cikinsu. Ban taɓa ganinsa ba, amma na tashi ina kiransa Baffa kamar gobe zai shigo. An ɗauke shi bai cika wata shida da aure ba. Wasiƙa biyu suka zo daga gare shi, wani ne ya rubuta masa. Ta uku Di'o ne ya aiko da ita ta hannun hakimi. Abokin tafiyarsa da ya dawo a 1946 ya shaida wa kakata cewa zazzaɓi da atuni ne suka kayar da shi a hanya, aka haƙa masa rami a gindin gora, mutum biyar suka yi masa salla a gurguje, aka ɗauki kayansa aka raba wa na kusa, aka wuce. Kakata ta karɓi ta'aziyya, matarsa ta yi takaba, amma har ta bar duniya in ta ji ƙarar mota da dare sai ta ɗaga kai.

A maƙabartar yaƙi ta Taukkyan, arewa da birnin Yangon, akwai wani katafaren gini mai ɗauke da sunayen mutum kusan 27,000 waɗanda suka mutu a yaƙin Bama ba a san kabarinsu ba. 'Yan Nijeriya suna da yawa a ciki. Wani tsohon ɗalibina ya taya ni dubawa ta intanet a rajistar hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashe rainon Ingila. Mun same shi, amma da lambarsa ta soja da ke jikin tsohuwar wasiƙa muka gane shi. Akawun da ya ɗauke shi ya rubuta sunan yadda kunnensa ya ji, sannan a gurbin sunan uba ya sa sunan babban birnin da ya fi kusa da mu, kamar yadda aka saba yi wa sojojin Arewa a lokacin. A can, Baffa ɗaya ne daga cikin jerin mutane masu suna iri ɗaya, babu mai bambanta su. A duk faɗin duniya wuri ɗaya tak aka rubuta shi daidai, da sunansa da na mahaifinsa da laƙabin da uwarsa ke kiransa da shi. Wurin nan shi ne aka shafa wa jan fenti.

Ƙanwarsa, Goggona, tana nan da rai, ta doshi casa'in. Ba ta yi boko ba, idonta ma ya yi rauni. Amma ta san layinsa, na tara daga sama. Ta kan sa jika ya riƙe mata hannu, ta zagaya bayan ginshiƙin, ta ɗora yatsa a kan simintin tana lalube tana ƙirgawa a hankali. In ta kai na tara sai ta tsaya, ta bar tafin hannunta a kai, ta yi masa addu'a, ta shafa. Ranar da labarin fenti ya iske ta, ba ta yi kuka ba. Ta ce da ni, “To in an rushe, ina za a kai Yaya?” Na rasa abin da zan ce mata. Tambayarta ce na kawo muku.

Ranku ya daɗe, a watan Afrilun 2021 wani kwamiti da ita wannan hukuma ta kaburbura ta kafa ya fitar da rahoto, inda ya tabbatar cewa aƙalla mutum 116,000, wataƙila ma har 350,000, akasarinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, da suka mutu suna yi wa Ingila aiki a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, ko kuma ba a yi musu wata alama ba sam. Rahoton ya kawo maganar gwamnan mulkin mallaka na ƙasar Gana ta yanzu, Guggisberg, wanda a 1923 ya ce talakan ƙasar ba zai fahimci amfanin dutsen kabari ba, ba kuma zai ga darajarsa ba. Sakataren tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya miƙe a majalisa ya nemi gafara. Dattawan garinmu, waɗanda yawancinsu ko sunansu ba sa iya rubutawa, sun ƙaryata wancan gwamna da bulo da siminti shekara hamsin kafin a nemi wannan gafara. Abin zai yi ciwo ƙwarai a ce Turawa suna neman afuwa don ba su rubuta ba, mu kuma da hannunmu muna share abin da iyayenmu suka rubuta.

Na uku, jan fentin nan bai zo wa ginshiƙin yana cikin gata ba. Damina biyu da suka wuce aka wayi gari an ɓamɓare farantin tagulla, ƙusoshi huɗu kawai aka bari. Mun kai ƙara, babu abin da ya biyo baya. Lokacin zaɓe kowace jam'iyya ta manna masa hotunan 'yan takararta, wani kan wani, aka zo cirewa da wuƙa aka kankare simintin. Gefensa na gabas ya zama juji. Ana ɗaure awaki a jikinsa ranar kasuwa. Mu ma da laifinmu, ban ɓoye ba: mun saba da ganinsa har muka daina ganinsa. Amma share fili da hana zuba shara a bakin titi aikin ƙaramar hukuma ne, kuma akwai ma'aikatan da ake biya dominsa. Abin da wannan sakaci ya jawo shi ne, yanzu rubutun ƙusa na baya kaɗai ya rage, a cikinsa ma sunaye uku sun lalace, boko da ajami duka. Mutum ɗaya ne a garin nan ke iya jero duka 23 da ka, tsohon samanja ne, ya haura tamanin, yau lafiya gobe ciwo. Ran da Allah ya karɓi abinsa, in ba a rubuta daga bakinsa ba, mutum uku sun ɓace ke nan har abada, gidajensu kuwa biyu sun riga sun watse.

Na huɗu, rubutun ya tsaya a 1970, mutuwa kuwa ba ta tsaya ba. Sunayen ƙarshe na yaƙin basasa ne, har da samari biyu da suka nutse a kogin Kwara a yunƙurin haye wa Onica cikin Oktoban 1967. Bayansu 'ya'yan garin nan sun je Laberiya daga 1990, sun je Saliyo, ba duka suka dawo ba. Tun daga 2009 kuma Arewa maso Gabas take cin samarinmu, ga na baya-bayan nan da ke faɗuwa a dazukan Arewa maso Yamma. Wasu an binne su a maƙabartar sojoji a Maiduguri, iyayensu ba su taɓa ganin wurin ba, ba su da halin zuwa.

Akwai wata yarinya da na koyar a aji shida. Mijinta kofur ne. Kiran waya ɗaya aka yi mata da hantsi, bayan kwana biyu wani abokin aikinsa ya kawo jaka da agogo da takalmi. Ya bar ta da ciki wata huɗu, yanzu yaron ya shiga makaranta ya fara haɗa baƙi. Kwanaki na same shi a bayan ginshiƙin yana bin layukan da yatsa yana karantawa da ƙarfi. Ya juyo ya ce, “Malam, an ce na sojoji ne da suka rasu. Ban ga Babana ba.” Na ce masa za a sa. Na yi masa alkawarin da ba ni da ikon cikawa ni kaɗai.

Kowace shekara ranar 15 ga Janairu ana bikin tunawa da 'yan mazan jiya. Da can 11 ga Nuwamba ake yi, aka mayar da ita ranar da yaƙin basasa ya ƙare. A Abuja da manyan biranen jihohi ana fareti, ana busa begila, ana ajiye furanni, ana sakin tattabaru. Muna gani a talabijin, muna jin daɗi. Amma a can sojan da ba a san sunansa ba ake karramawa. A nan mun san sunayen, mun san ƙofar gidajensu, mun san wadda aka bari da marayu nawa. Ban taɓa ganin wani jami'i ya tako filin nan a wannan rana ba, ko sau ɗaya.

Na san abin da wasu ke faɗa a bayan fage, gara in amsa shi a fili. Suna cewa yaƙin Turawa ne, ina ruwanmu. Gaskiya ne ba mu muka tayar da shi ba, kuma babu abin da Japan ta yi wa garinmu. Amma a tambayi yadda aka yi suka tafi. Wasu talauci da haraji suka kora su bariki. Da yawa kuwa ba su zaɓa ba: daga sama ake yanko adadi a ba hakimi, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya shiga gida-gida. Allah ya taimaki Hakimi, a ƙofar gidan nan da kake zaune aka jera su, aka auna tsayinsu da faɗin ƙirjinsu, aka zuba su a mota. Ba na ɗora wa kowa laifi, zamani ne ya zo da haka, wanda ke kan karaga a lokacin ma ba shi da yadda zai yi. Sai dai wanda ya gaji rawani ya gaji amanar da ke ƙarƙashinsa. Iyaye sun miƙa 'ya'yansu ne saboda sarauta ta ce a miƙa. Idan yaƙin ba namu ba ne, mutanen namu ne. Waɗanda suka dawo daga cikinsu kuma suna cikin waɗanda suka horar da sojan da Nijeriya ta gada a 1960.

Wasu kuma suna kawo maganar addini, kuma ban raina damuwarsu ba, don ni ma ba zan tsaya wa gunki ba. Ku zo ku duba. Babu siffar mutum ko ta dabba a jikinsa. Ba kabari ba ne balle a ce an yi gini a kansa. Babu mai yanka, babu mai neman biyan buƙata a wurin. Allo ne na sunaye, abin da yake jawowa kawai shi ne mai wucewa ya ce Allah ya jiƙansu. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa shahidan Uhudu addu'a shekara takwas bayan rasuwarsu, kamar mai ban kwana da rayayyu da matattu. Mun zauna da limamin Juma'armu kafin mu rubuta wannan takarda, kuma a shirye muke mu bi duk gyaran da malamai suka ga ya dace. A cikin sunayen akwai Musulmi akwai Kirista, waɗanda suka kwana rami ɗaya, magina kuma ba su ware su ba. Ginshiƙin nan ba na kirarin nasara ba ne. Tsofaffin da suka gina shi sun ga yunwar da ta kashe yara a ɗaya ɓangaren lokacin yaƙin basasa, ba sa son ko tayar da zancen. Suna cewa dai kada Allah ya maimaita.

Ba mu ƙi shaguna ba. Matasanmu suna neman wurin sana'a, ƙaramar hukuma tana neman kuɗin shiga, mun fahimta. Ga abin da muke roƙo.

A dakatar da duk wani aiki a kan ginshiƙin, a ba mu wannan a rubuce, a kuma goge jan fentin. Mun auna da kanmu: in aka tsallake gurbin shago biyu, ginshiƙin zai tsaya inda yake, sauran layin ya ci gaba. Idan injiniyoyi suka nuna mana cewa lallai sai an matsar da shi, to a ɗauke shi ɗungurungum, da simintin bayansa ba tare da ya tsage ba, a kafa shi a harabar makaranta a gaban iyalai, kuma a yi haka kafin a haƙa tushen shago ko ɗaya. Ba mu yarda a rushe a ce za a gina sabo daga baya ba. Rubutun ƙusar nan ba a sake shi.

A kewaye shi da gajeriyar katanga, a kwashe jujin, a hana manna takardu. A maye gurbin farantin da aka sace, amma na dutse, don tagulla tana kiran 'yan jari bola. Yashi da ruwa da aikin ƙarfi duk mun ɗauka, mun ma fara tara gudummawa.

Mai girma Hakimi ya kafa ƙaramin kwamiti cikin wannan wata, ba na shan shayi ba, wanda zai je gidan samanja da littafi da na'urar ɗaukar murya, ya bi tsofaffin mata ɗaki-ɗaki, ya rubuta kowane suna da na uba da unguwa da yaƙin da mutum ya tafi. A tantance sababbin sunaye tare da reshen ƙungiyar tsofaffin sojoji da takardun da ke hannun iyalai, a ƙara su da yardar magada. Littafin a yi shi kwafi uku: ɗaya a fada, ɗaya a makaranta, ɗaya a sakatariya. Ni na ɗauki nauyin rubutun, ba na neman ko sisi.

Ranar 15 ga Janairu a ba mu rabin sa'a a filin nan. Ba ma buƙatar rumfa ko kujerun haya. Shugaba ko wakilinsa ya zo, Hakimi ko wakilinsa ya zo, 'yan makaranta su tsaya, a karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya da murya mai ƙarfi, liman ya yi addu'a, fasto ya yi addu'a, a watse. Yaran da na koyar sun haddace shekarar da aka haɗe Kudu da Arewa, amma ba su san cewa kakan maƙwabcinsu ya mutu da akwatin harsashi a ka a bakin kogin Kaladan ba.

Sai na ƙarshe, wanda ya shafi masu rai. Matan nan da aka bari suna wahalar bin haƙƙin mazajensu. Ana aika su nesa da takardun da ba su iya karantawa, su ci bashin kuɗin mota su dawo hannu rabbana. A ware ma'aikaci ɗaya a sakatariya wanda zai riƙa cika musu takardu yana bin sawu. In an gama shagunan kuma, a ba su biyu daga ciki su riƙa juyawa, su ciyar da marayu.

Ranar Litinin mai zuwa da ƙarfe goma na safe, in Allah ya kai mu, mu shida za mu zo sakatariya, daga nan mu wuce fada mu kwashi gaisuwa. Samanja ya ce ko a baro ne a turo shi. Goggo ma ta ce za ta zo in ƙafa ta yarda, don tana so ta ji amsar da kunnenta. Za mu riƙo wasiƙun Baffa guda uku da kwafin takardunmu biyu masu hatimi. Muna roƙo a ba mu minti ashirin.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya kare waɗanda ke bakin daga a yau, ya yi muku jagora.

Wassalam.

Naku mai biyayya,
Tsohon malamin firamare, a madadin iyalan 'yan mazan jiya na garinmu.